Daga Tumbin Saniya Zuwa Rumbun Lantarki: Tarihin Iskar Metan da Yunwar Makamashi a Ƙetaren Kogin Kaduna



Maganar da zan yi yau ta shafi tarihin wata iska da ake kira metan, da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda suke samar da ita, da kuma yadda masana suka kai ga tunanin cewa za a iya sa waɗannan halittu su ajiye mana wutar lantarki kamar yadda manomi yake ajiye hatsi a rumbu. Zan ɗora maganar a kan Kaduna ta ƙetaren kogi, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Kudenda har zuwa Sabon Tasha, domin a duk Arewa da wuya a sami wurin da ya ɗanɗana daɗin makamashi, ya kuma sha ɗacin rashinsa, kamar wannan yanki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a raba abu biyu da akan haɗa. Gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukunya ana sayarwa cikin gari wani abu ne daban, mai nauyi, wanda yake zama ruwa da zarar an matsa shi. Metan kuwa ita ce mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa a yankin Neja-Delta, wanda ake turawa ta bututu zuwa tashoshin lantarki. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kamawa da wuta, harshenta shuɗi.

Kakuri da tukwanen tururi

Garin Kaduna jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo ya ratsa ta nan ya isa Kano a shekarar 1911, aka mai da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sa'an nan a 1927 layin Gabas ya zo ta Kafanchan ya haɗu da na Ikko a tashar da ke kudu da kogi. Wannan layi na Gabas shi ne hanyar kwal ɗin Inugu. Watau tun daga farko makamashin da ke motsa injuna a Kaduna baƙo ne, daga nesa ake ɗauko shi.

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, ga kamfanin giya, ga ma'aikatar ƙera makamai ta soja. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai a kan hanyar Kachia, wadda aka riƙa turo mata ɗanyen mai daga Warri ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 600. Waɗanda suka san Kakuri ta wancan zamani sun san yadda titi kan cika da kekuna a lokacin canjin aiki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masaƙa ba lantarki kaɗai take ci ba. Wanke zare, da sa masa sitaci, da rini, da buga zane, da busarwa, duk da tururi ake yin su, tururin nan kuwa a Kakuri da baƙin mai ake dafa shi. Sa'ad da matata ta shiga yin aiki yau ta tsaya gobe, baƙin mai ya yi wuya ya yi tsada, wutar lantarki kuma ta zama sai an ga dama, sai kowace masaƙa ta koma tana ƙona dizal a janareto. Lalle akwai waɗansu dalilai: faɗuwar Naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da lalacewar noman auduga, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Amma duk wanda ya karanta koke-koken masu masaƙu da na ƙungiyar ma'aikatansu zai ga baƙin mai da wuta suna dawowa a kusan kowane shafi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi ta ba da daɗewa ba, United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007. Dubban magidanta suka rasa abin yi.

Abin takaici shi ne a daidai waɗannan shekaru ana ƙona metan a banza a filayen mai na Kudu, dare da rana. Dokar 1979 ta sa watan Janairu na 1984 ya zama wa'adin daina wannan ƙonawa, wa'adin ya zo ya wuce. Ikko ta sami bututun gas daga Escravos a 1989. Kaduna kuwa sai a watan Yuni na 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Tashar lantarki ta Kudenda, mai ƙarfin megawat 215, an ba da kwangilarta a 2009, ta yi shekara fiye da goma ba ta ba da wuta ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne an kafa ta a inda gas bai iso ba. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo gare shi.

Yadda aka gano masu aikin

A watan Nuwamba na shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, yana cikin kwale-kwale a tafkin Maggiore, sai ya soka sanda cikin taɓon da ke gindin ciyayi, ya ga kumfa tana tasowa. Ya tara iskar a kwalba, ya kusanta mata wuta, ta kama. Ya lura kuma cewa inda ruɓaɓɓen ganye ya fi yawa nan iskar ta fi fita. Wannan Volta ɗin shi ne a 1800 ya ƙera batir na farko. Ashe hanyoyi biyun da ake gardama a kansu yau wajen ajiye lantarki, batir da metan, daga hannun mutum ɗaya suka fito.

An daɗe ana amfani da iskar kafin a san mai yin ta. A 1895 birnin Exeter na Ingila ya kunna fitilun titi da gas ɗin da ke fita daga ramin tara ƙazantar gari. Masu bincike na ƙarni na 19 sun fahimci cewa aikin ƙananan halittu ne, amma kama su ya gagara, saboda iskar da muke shaƙa guba ce a gare su. Da zarar an fito da su sarari sai su mutu.

A shekarar 1906 wani ɗalibi a garin Delft na ƙasar Holan, Nicolaas Söhngen, ya nuna abin da duk maganarmu ta yau ta rataya a kansa. Ya nuna cewa akwai halittun da ba sa bukatar ganye ko kashi sam. In aka ba su iska biyu, haidirojin da kabon-dayoksaid, sai su haɗa su, su fitar da metan da ruwa. Lissafin kuwa ba ya canzawa: mudu huɗu na haidirojin da mudu ɗaya na kabon-dayoksaid su ke ba da mudu ɗaya na metan. Shekara huɗu kafin haka, a 1902, Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens a Faransa sun yi wannan haɗi ba tare da wata halitta ba, ta hanyar ratsa iskokin biyu a kan ƙarfen nikel mai zafin digiri 300 ko fiye. Sabatier ya sami lambar Nobel a 1912. Söhngen kuwa, ban da masana fanninsa, kusan ba wanda ya san sunansa.

Akwai wani labari da ya kamata ɗaliban kimiyya su sani, domin yana koyar da hankali. A 1940 masanin Amurka H. A. Barker ya bayyana wata halitta da ya ware, wadda ya ce tana cin barasa tana fitar da metan. Aka yi shekara ashirin da bakwai ana nazarinta a ɗakunan bincike na duniya a matsayin halitta ɗaya. Sai a 1967 Marvin Bryant da Ralph Wolfe da abokan aikinsu a Jami'ar Illinois suka gano ashe biyu ne manne da juna. Ɗaya tana cin barasar tana fitar da haidirojin, ɗayar tana kwashe haidirojin ɗin tana yin metan; in ta biyu ta tsaya, ta farko ma sai ta shaƙe ta tsaya. Daga nan aka fahimci cewa ramin ruɓa kamar unguwar masu sana'a ne. Mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya ɗinka. Rukuni na farko yana farfasa ganye da kashi, na biyu yana mai da su tsami, na uku yana mai da tsamin ruwan kal da haidirojin, na ƙarshe su ne masu yin metan. Su ne mafi jinkirin haihuwa, su ne kuma mafi saurin mutuwa. In aka cika wa rami abinci fiye da kima, masu yin tsami sai su yi wa masu yin metan yawa, ramin ya yi tsami ya mutu. Da yawa daga cikin ramukan gas da suka lalace a Afirka wannan ciwo ne ya kashe su.

A 1977 Carl Woese da George Fox, su ma a Illinois, suka bincika gadon halittar masu yin metan, suka tarar ba bakteriya ba ne ko kaɗan. Wani babban reshe ne na rayuwa mai zaman kansa, wanda daga baya aka raɗa wa suna arkiya. Suna cikin taɓon fadama, suna cikin gonar shinkafa, suna cikin hanjin gara, suna kuma cikin tumbin kowace saniya da akuya da raƙumi. Metan ɗin da saniya ke fitarwa, yawancinsa ta gyatsa yake fita.

A nan bari in ɗan ratse. Kada ɗalibi ya ɗauka kiwon halittun da ba sa son iska baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Marinan Ƙofar Mata a Kano da na Zariya sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin sa. Karofi rami ne mai zurfi da aka shafe don kada ya yi yoyo, a zuba baba da toka da katsi, a jira kwanaki har ya nuna, marini kuma ya san lafiyarsa ta kumfa da wari da launi. Halittun da ke cikin karofi ba masu yin metan ba ne, amma ladabin aikin ɗaya ne: rami mai riƙe ruwa, ciyarwa da awo, da mutumin da ke dubawa kullum. A ganina da waɗanda suka kawo mana ramin gas sun fara zama da marina, da sun rage wa kansu wahala.

Indiya da Sin, sa'an nan mu

Ƙasashen da suka mai da wannan ilmi abin amfanin talaka su ne Indiya da Sin. A Indiya Jashbhai Patel ya ƙera rami mai murfin ƙarfe da ke tashi sama in gas ya taru, a farkon shekarun 1950, hukumar raya sana'o'in ƙauye ta ƙasar kuma ta ɗauki yaɗa shi daga 1962. A Sin aka fi son rami mai ƙubba ta bulo da siminti a binne a ƙasa, aka gina miliyoyi a shekarun 1970, musamman a lardin Sichuan, ko da yake da yawa sun tsage sun yi yoyo saboda gaggawar da aka yi. Zan kira wannan rami tumbin siminti, domin aikin tumbi yake yi. Gas ɗin da yake bayarwa kimanin kashi 60 cikin 100 metan ne, saura kuwa yawanci kabon-dayoksaid.

A Nijeriya abu biyu ne suka ta da hankalin hukuma: farin 1972 zuwa 1974, wanda ya sa aka fara maganar gurgusowar hamada da saran itace, da kuma tashin farashin mai na 1973 wanda ya sa duniya duka ta shiga neman madadi. An yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa a 1979, amma ba ta fara aiki ba sai 1989. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda daga baya ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da takwararta a Nsukka. A Sakkwato ne aka yi aikin farko mai ma'ana a Arewa kan gas ɗin kashin dabbobi. Malamai irin su S. M. Dangoggo da C. E. C. Fernando sun gwada ƙananan tumbuna a shekarun 1980, aka auna abin da kashin shanu da na sauran dabbobi da ciyayi iri iri suke bayarwa. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya shugabanci cibiyar, shi ne daga baya ya zama shugaban Jami'ar Jihar Kaduna na farko, sa'an nan shugaban Hukumar Makamashi daga 2005. An gina tumbuna na gwaji a wurare da dama, biyu daga ciki a wannan jiha: ɗaya a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, ɗaya kuma a gidan yarin Zariya, inda aka riƙa ciyar da shi da bayan gidan fursunoni.

Gwajin ya nuna abin yana yiwuwa. Me ya sa bai yaɗu ba?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai jama'a ba su waye ba, ko suna ƙyamar girki da abin da ya fito daga ƙazanta. Ban yarda wannan ne babban dalili ba. Mu yi lissafi. A ƙa'idar Indiya, kilo 25 na ɗanyen kashin shanu shi ke ba da kubik mita ɗaya na gas. Gida matsakaici yana bukatar kamar kubik mita biyu a yini, watau kilo 50 na kashi, aikin shanu huɗu ko biyar da ke ɗaure a turke, da ruwa lita 50 na damawa, kowace rana ta Allah, rani da damina. To, yawancin shanunmu suna hannun makiyaya masu tafiya, kashinsu a warwatse yake cikin daji. Inda shanu suke a ɗaure kuwa, taki ba shara ba ne, dukiya ce. A karkarar Kano an daɗe ana loda wa jaki itace a kai birni, a komo da shi ɗauke da taki zuwa gona. Manomi ba zai saki takinsa ba sai an tabbatar masa cewa abin da ke fitowa daga tumbin ya kai na da kyau. Gaskiya ne ya kai, domin metan ba ta ɗauke abincin shuka, amma ruwa-ruwa yake fitowa, ɗaukarsa zuwa gona wani aiki ne. A cikin gari kuma kananzir mai rangwamen gwamnati ya yi arha har ba mai tunanin gina rami na dubban Naira. Sa'an nan ga ciwon da ku ma'aikata kuka fi ni sani: akwai kuɗin gini a kasafi, babu kuɗin kulawa. Ƙasashen da abin ya kama, irin su Ruwanda wadda ta gina manyan tumbuna a gidajen yarinta a farkon shekarun 2000, da Burkina Faso wadda ta shiga wani shirin yaɗa shi a 2009, magina suka horar, suka kuma sa wanda zai riƙa komawa yana dubawa.

Sabon juyi

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ana kallon masu yin metan a matsayin masu cin shara. Abin da ya sauya wannan kallo shi ne matsalar da ta sami Jamus da Denmak bayan sun cika ƙasa da injunan iska da farantan hasken rana, musamman bayan dokar Jamus ta shekarar 2000. Lantarki ba ya jira. In iska ta kaɗa da tsakar dare wuta ta yi yawa, sai a tsai da injuna a yi hasara. In hunturu ya zo aka yi mako biyu babu rana babu iska, sai a koma ga kwal. Batir yana iya riƙe wutar rana zuwa dare, amma riƙe wutar bazara zuwa hunturu da batir ya fi ƙarfin aljihun kowace ƙasa. Sai masana suka tuna Jamus tana da bututun gas ko'ina, da rumbunan gas a ƙarƙashin ƙasa masu ɗaukar abin da ƙasar za ta yi watanni tana ci. Sai aka koma wa Sabatier da Söhngen.

Dabarar ita ce a ɗauki rarar lantarki a raba ruwa da shi, a sami haidirojin. Haidirojin yana da wuyar ajiya, yana silalewa ta ƙaramar kafa, yana kuma cin waɗansu irin ƙarafa. Don haka sai a haɗa shi da kabon-dayoksaid a mai da shi metan, wadda kowane bututu da murhu da inji da ake da su sun riga sun san ta. A 2013 kamfanin Audi ya buɗe ma'aikata mai megawat 6 a Werlte ta Jamus bisa hanyar Sabatier. Hanyar halittu kuwa kamfanin Electrochaea ne ya fi fice a kanta, wanda ya taso daga binciken Laurens Mets na Jami'ar Chicago. A 2016 ya fara aiki da tukunya mai megawat ɗaya a Avedøre kusa da Kofanhegan, a harabar matatar ruwan ƙazanta, da wani irin arkiya mai son zafin digiri 60 zuwa 65. An yi irinta a Solothurn ta Suwizalan da Golden ta Amurka a 2019, sa'an nan a 2022 aka buɗe wata mai megawat 2.5 a Dietikon, ita ma a Suwizalan. Akwai ma waɗanda suke neman tsallake matakin haidirojin: a 2009 Bruce Logan da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka nuna cewa masu yin metan da suka manne a kan sandar lantarki suna iya yin metan daga wutar da ake ba sandar. Wannan hanya ba ta kai girman sauran ba.

Fifikon halittu a kan nikel a fili yake. Ba sa bukatar zafi mai yawa. Iskar farar wuta da ke cikin ɗanyen gas tana kashe nikel, su kuwa ba ta dame su ba. In wuta ta ɗauke sukan yi kwance, in ta dawo su tashi aiki. Suna kuma haifar kansu, ba a sayo sabo. Matsalarsu ita ce haidirojin ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, alhali kuwa a cikin ruwa suke zaune, don haka sai an yi ta burga tukunyar, burgawar kuma wuta take ci. Yawancin binciken da ake yi a wannan fanni a kan wannan matsala yake.

Dole kuma a faɗi hasarar da ke ciki. In ka zuba lantarki mudu 100, wajen raba ruwa za ka tsira da kamar 70, wajen yin metan ka koma ƙasa da 60, in ka sāke ƙona metan ɗin ka yi lantarki da ƙyar ka tashi da sulusin abin da ka zuba. Batir na zamani kuwa yana mayar maka da kusan 90. Rumbun da ke cinye kashi biyu cikin uku na hatsi ba mai gina shi sai wanda hatsinsa zai ruɓe a fili in bai ajiye ba. Haka kuma in bututu yana yoyo an yi aikin banza, domin metan ta fi kabon-dayoksaid ɗumama duniya kusan sau 28 a lissafin shekara ɗari.

Ina matsayin Kaduna?

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan dabara tana bukatar abu biyu, rarar lantarki da bututun da za a zuba gas, tarihin da na bayar kuwa ya nuna Kakuri ta rasa duka biyun. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wutar da take rabawa kuma ta daɗe tana kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ba ta da rarar da za ta yi hasarar kashi biyu cikin uku. Duk wanda ya zo ofishinku da takardar neman kafa irin ma'aikatar Avedøre a Kudenda, ku fara tambayarsa wace wuta zai ajiye.

Duk da haka ban ce a rufe littafin ba, ga dalilaina. Kogin Kaduna yana ɗauke da manyan madatsu biyu, Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Ruwansu yana cika a ƙarshen damina har a buɗe ƙofofi a zubar, ya ja baya da bazara. Rana kuwa akasin haka take, ta yi ƙarfi da rani, ta dushe cikin gajimaren Agusta da ƙurar hunturu. Wannan matsala ce ta ajiyar watanni, irin wadda batir ba ya magancewa. Farantan rana kuma suna ta yin arha, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka rarar tsakar rana za ta fara bayyana a ƙananan tashoshi tun kafin ta bayyana a babban layi na ƙasa.

Dalili na biyu ya fi kusa. Tukunyar Avedøre ba daga sararin sama ta riƙa samun kabon-dayoksaid ba, daga tumbin ƙazantar gari ta riƙa samu. Na ce gas ɗin tumbi kashi 60 ne metan, 40 kabon-dayoksaid. In aka ba shi haidirojin, wannan 40 ɗin ma sai ya zama metan, abin da tumbin ke bayarwa ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Watau sabuwar dabarar a kan tsohuwar take hawa. Wanda bai iya riƙe tumbin siminti shekara goma yana aiki ba, ba shi da inda zai ɗora ta.

Abin da ya hana tumbin yaɗuwa a ƙauye kuwa, babu shi a ƙetaren kogi. A kwata toroso da jini suna taruwa a wuri ɗaya kowace safiya, ga ruwa, kuma ba taki ake ɗaukarsu ba, matsala ce da ake neman inda za a kai. Haka sharar kayan gwari a kasuwanni, haka ruwan da masana'antun abinci da abin sha suke saki, wanda rafin Makera ya daɗe yana kwasa yana kai wa Kogin Kaduna. Tun shekarun 1970 Gatze Lettinga na Holan ya ƙera tumbin da ya dace da irin wannan ruwa, masana'antu a ƙasashe da yawa kuma suna dafa tukwanen tururinsu da gas ɗin da yake bayarwa. Tun da aka janye rangwamen man fetur a watan Mayu na 2023, bayan na kananzir da na dizal sun riga sun tafi, lissafin da ya kayar da gwajin Sakkwato ya juya. Gawayin da ake lodowa daga dazuzzukan Kachia da Birnin Gwari shi ne ma'aunin abin da jinkiri yake ci.

Aikin da ke gaban Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ba mai tsada ba ne. A auna abin da kowace kwata take fitarwa wata-wata, domin yankan watan Babbar Salla da na Kirsimeti daban yake da na tsakiyar damina. A auna yadda sanyin Disamba da Janairu yake rage gas, tun da masu yin metan na tumbi sun fi son zafin digiri 35 zuwa 37, a ga ko binne tumbin ya isa ko sai an ɗumama shi. A ware arkiya daga tumbin shanunmu da taɓon fadamunmu, a gwada su da haidirojin a ƙaramar kwalba, domin irin da kamfanonin waje suke amfani da shi mallakarsu ne, da kuɗi za a karɓa. Ku kuma da ke rubuta kasafi, duk tumbin da za a gina a kwata ko makaranta ko gidan yari, a rubuta a takarda ɗaya da kuɗin gininsa sunan ofishin da zai biya mai ciyar da shi, da wanda zai sayi gas ɗin, da wanda zai kwashe takin.